Ranar da na lulluɓe injin zuga

Ba zan taɓa mantawa ba da injin zugar da aka ara wa maigidana, shekaru kaɗan bayan Nijar ta samu mulkin kai. Maƙeri ne a Dogon Dutsi. Iliya, makaniken mishan, shi ya haɗa injin da batirin babbar mota, ya ba mu aron kwana bakwai, a mai da shi lafiya. Da yake ni kaɗai na yi karatun manya a gidan, ni ya ba takardar ƙa'idojinsa. Na ƙulle ta a bakin mayafina, ina jin kaina kamar sakataren kwamanda.

Rana ta uku Sarkin Maƙera zai zo daga Kiyeshe ya ga abin. Maigida da Iliya suka tafi tarbarsa.

"Ki riƙe mini wutar, kada gawayi ya ƙare," in ji maigida.

To ni mai tattali ce. Na murɗa maɓallin gudunsa har ƙasa, injin ya koma juyawa da ƙyar, yana gurnani yana karkarwa. Na taɓa shi, zafi rau. Ga toka tana sauka a kansa. Kayan mutane fa! Sai na yi abin da nake yi wa 'ya'yana in zazzaɓi ya kama su: na cire mayafi na lulluɓe shi (har da dannawa ta gefe, kada iska ta shiga).

Ƙauri na fara ji. Sai hayaƙi siriri, kuma ba daga wutar ƙira yake fita ba. Rumfar ƙirar kuwa ta kara ce. Na rarumi tulun ruwa. Daidai nan suka shigo.

"Ke Inna, aje ruwan ga!" Iliya ya daka tsawa. Ya fizge wayar batiri, ya yaye mayafin ya tattake.

Babu wanda ya zauna. Iliya yana ɗora bayan hannu a kan injin yana janyewa, maigida ko kallona bai yi ba. Ni ina ta salati a zuci, ina tunanin da wane baki za mu je mishan. Da injin ya huce, Iliya ya mai da waya. Shiru. Ya juya fankar injin da yatsa, sai ta kama, wuta ta tashi.

"Shi da kansa yake yi wa kansa fifita," in ji Iliya. "In kin rage gudunsa kin rage fifitar. In iska ta yi yawa, marfin gwangwanin nan na bakin bututu za ki ja. Ai na rubuta."

Sarkin Maƙera ya samu wuri ya zauna. "Ɗiyata, an ce ke ka karatu. Karanta muna mu ji."

Na kwance bakin mayafin da ya ƙone. Rabin takardar ta ci wuta, layi ɗaya ya tsira sarai. Na karanta da muryar da ni kaina da ƙyar na ji: "Kada a rufe shi da komai."

Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya goce. "Hala ba ki dama mishi kunu ba?"

Tun ranar, in an ba ni takarda, sai na karanta ta sau biyu kafin in ƙulle. Lulluɓi kuwa na bar wa masu numfashi.