Jikan Maharbi a Gonar Karnuka

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na raka surukina zaɓen kare ba. Lokacin ma bai zama surukin nawa ba tukuna. Ina kan neman 'yarsa Nafisa ne, ina ta lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal.

Surukin nawa, Dakta Lawal, likita ne da ya daɗe a Landan har ya yi ritaya, yana zaune da iyalinsa a unguwar Catford. Mutum ne marar yawan magana. Duk Lahadi sai na je na durƙusa a falonsa na kwashi gaisuwa, ya amsa, sai kuma shiru. Ni ina kallon kafet, shi yana kallona ta saman tabarau. Na gwada hirar siyasa, ya ce "to". Na gwada ƙwallo, ya ce "Allah ya kyauta".

Wata rana sai ga shi da kansa ya buɗe baki. Ashe tun da ya ajiye aiki yake bin wasu abokansa Turawa farautar tsuntsaye a karkarar Kent, fakara da wani tsuntsun dajinsu mai dogon bindi kamar zakara. Ya ce ya gaji da dogaro da karen wani, yana son nasa, amma ya rasa irin da zai zaɓa.

Ni kuwa da na ga ƙofa ta buɗe, sai na faɗa da ka.

"Baba, ai mu gidan farauta ne. Kakana babban maharbi ne a ƙasar Ningi."

Wallahi ban yi ƙarya ba, kakana maharbi ne. Abin da ban ƙara ba shi ne, ni a Kaduna aka haife ni, kuma iyakar farautata ƙadangare ne da danƙo (shi ma ban taɓa samu ba). Game da kare kuwa, ko irin 'yan mitsi-mitsin nan da Turawa ke sa wa rigar sanyi na hango a Old Kent Road, tsallaka titi nake yi, na gwammace na yi karo da bas.

Baba ya cire tabarau, karo na farko ya yi mini murmushi. "Ashe gida ne. To ranar Asabar sai ka raka ni, ka zaɓar mini."

Da Nafisa ta rako ni bakin ƙofa, sai ta riƙe baki. "Kai? Kai da ka ga kare ka bar ni a park ka gudu?"

"Ba gudu na yi ba, sauri nake yi."

"Don Allah ka yi cancel. Ka ce wa Abba kana da lecture."

Na ce mata namiji ba ya magana biyu. Ina ma na yi uku.

Ranar Asabar na sha sabon takalmin ruwa har gwiwa, na biya shagon 'yan gida na sayi kilishi na cusa a aljihun jaket, wai guzurin hanya. Baba ya tuƙa mu har wata gona mai taɓo, inda wata dattijuwar Baturiya ke kiwon karnukan farauta. Tun daga ƙofa na ji haushin karnuka ta ko'ina, na ja da baya. Amma da na ga duk suna bayan shinge, sai na gyara tsayuwa na goya hannu a baya kamar alƙalin kasuwar shanu.

Ta fara nuna mana wani baƙi mai ƙiba, labrador, ta ce gwani ne wajen ɗauko tsuntsun da aka harbo. Baba ya dube ni. Na girgiza kai na ce, "Wannan ci zai fi farauta, Baba." Ya gyaɗa kai. Na ji kaina ya ƙara girma.

Sai ta saki wani dogo siriri, pointer, a cikin fili, mu muna leƙe ta bayan shinge. Ya yi ta kewaye yana shinshina, can sai ya ƙame ƙam, ƙafa ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, ko motsi babu.

Na matso kusa da Baba na rage murya. "Kada ka kuskura, Baba. Wannan yana da ciwon ƙafa, ko kuma farfaɗiya ce ke shirin kama shi."

Ban rufe baki ba sai ga fakara fir daga ciyawar da ke gaban hancinsa.

"Nuni yake yi," in ji Baba a hankali. "Aikinsa ke nan, ya nuna inda tsuntsu yake."

"Eh to, na sani," na ce. "Namu na gida ne ba sa nuni. Ka san tarbiyya, nuna abu rashin ladabi ne."

Na ga gemun Baba ya ɗan motsa.

Na uku shi ne spaniel, wani ɗan guntu mai kunnuwa kamar ganyen kabewa, bai kai ɗan akuya ba. Matar ta ce shi ba ya tsayawa nuni, kutsawa yake cikin ciyawa ya tayar da tsuntsu sama don maharbi ya samu. Sai Baba ya gaya mata, cikin alfahari, cewa yaron nan nasa jikan maharbi ne, a bar shi ya duba karen da hannunsa.

Kafin na ce a'a, ta zare sakata.

Jama'a, karen nan bai dubi kowa ba. Ƙamshin kilishi ya ji, ya nufo aljihuna kamar kibiya, kunnuwa na tashi, harshe a waje. Na yi niyyar gudu, takalmin ruwa ya kafe a taɓo. Mota na nesa, bishiya babu. Abu ɗaya ne kawai mai tsayi a kusa da ni.

Ban san lokacin da na fice daga takalmin ba. Na dai farga na gan ni ɗare-ɗare a bayan Dakta Lawal, hannuwana a wuyansa, ƙafafuna da safa a naɗe a ƙugunsa, ina ihu, "Wayyo Inna! Baba kore shi! Kore shi!"

Dattijon da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, ga shi ya goya ni. Hularsa ta faɗa taɓo. Karen kuwa sai tsalle yake yana kaɗa wutsiya, a zatonsa wasa ne. Baturiya ta dafa shinge tana dariya har da hawaye.

Baba bai jefar da ni ba. Ya tsaya cak, ya gyara tabarau da hannu ɗaya, ya dubi matar ya ce da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada na ce ban ji ba:

"Wannan za mu ɗauka. Karen da ya tayar da ƙato kamar wannan sama, fakara ba za ta gagare shi ba."

A hanyar dawowa na manne da ƙofar mota, ina ta tsara yadda zan gaya wa Nafisa cewa Allah bai nufa ba. Wa zai ba da 'yarsa ga wanda ya mayar da shi doki? Sai da muka shigo gari danja ta tsayar da mu, na ji motar tana girgiza. Baba ne ya kifa kai a sitiyari yana dariya, har na bayanmu suka fara hon.

Da ya samu numfashi sai ya ce, "Miƙo kilishin nan." Ya yaga, ya tauna, ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa magabatanka su zo. Gidana ya daɗe bai samu mai sa ni dariya ba."

An ɗaura aure, alhamdulillahi. Sai dai har yau in muka je Catford, Baba kan tarbe ni a ƙofa ya juya mini baya ya ɗan rusuna, ya ce, "Za ka hau ne, ko yau da ƙafa?"

Abin da na koya shi ne, in za ka yi tinƙaho da kakanka a gaban suruki, zaɓi sana'ar da ba za a ce ka gwada ranar Asabar ba. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, cewa nake kakana mai yawan barci ne, kuma a shirye nake na nuna gado.