Ranar Da Mai Shara Ya Karɓi Makirufo

Wani ne mai shara a wani asibitin gwamnati a Kafanchan. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da tsintsiya, amma har yau ɗan kashuwal ne, ba a tabbatar da shi a aiki ba. Takardar tabbatarwar kullum tana aljihunsa cikin leda, ta sha naɗi har ta yi laushi kamar ganyen alale. Abu ɗaya ta rasa, sa hannun shugabar nas-nas, Matiron Roseline.

Ita kuwa Matiron ba ta sakin sa hannunta da araha. Duk ranar da ya miƙa takardar, sai ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Ƙarfe nawa ka zo yau?"

"Mama, mashin ne ya yi faci."

"Jiya fa?"

"Jiya ruwa aka yi."

"Shekaranjiya wa na samu a sito yana minshari a kan gidajen sauro?"

"Gwada su nake yi, Mama, kar a raba wa masu ciki mai huji."

"Yi mini wata ɗaya ba latti, ba barci, in sa maka hannu."

Ya taɓa kai kwana tara.

Ran nan sai ga takardun taransifa daga Kaduna. Aka manna su a allon sanarwa, falle biyu, ɗaya kan ɗaya, da ƙusa guda. Mutumin naku bai iya karatu ba, amma ya san zubin sunansa kamar yadda mai akuya ya san tasa a cikin garke. Yana hango shi ya jawo wata nas mai suna Hulda.

"Sista, karanta mini nan."

"An mayar da kai Kagarko."

"Kagarko! Nesa da Matiron?"

"Tsaya tukuna, akwai takardar manya a ƙasa, bari in ɗaga..."

"Ta ƙasan da sunana?"

"Babu, amma..."

"To ina ruwana da ita? Sista, Allah ya ji kukana!"

Ya yi jifa da tsintsiya, ya taka rawa tun daga ɗakin haihuwa har bakin get.

Aka sa ranar Juma'a za a yi bikin sallama. Shi kuwa ya ce ba zai shiga bikinsa da rigar shara ba. Tun safe ya tafi Zonkwa aron kwat wurin mijin ƙanwarsa, wani dogon mutum. Kafin ya dawo Fasto ya yi addu'a, an gama jawabai, har an fara rabon shinkafa.

Ya tsaya a get, kwat har gwiwa, hannun rigar ya haɗiye yatsunsa. Kanofi uku. Akuya biyu a tukunya. 'Yan zumuntar mata ta coci sun yi anko suna ta buga tulu. Har shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya zo.

Ƙwalla ta cika masa ido. "Ashe haka ake sona a asibitin nan? Ni da nake cewa ba wanda ya san da ni!"

Sai ya hangi ƙarti huɗu suna cicciɓar sabon firij, fari tas, an ɗaura masa jan ƙyalle, suna ɗora shi a bayan motar mijin Matiron. Ya tare ɗaya.

"Kai, wannan fa?"

"Kyautar sallama ce."

"Kyautar sallama? A motar Matiron?"

"To a motar wa za a sa?"

Bai gama haɗiye wannan ba, Martins mai ba da magani, wanda ke jan ragamar taron, ya hango shi.

"Yawwa, ga ɗan'uwanmu ya iso! Shi ma ba mu manta da shi ba. Ku tafa masa!"

Aka miƙa masa bokitin roba, shuɗi, da sabulu sanda ɗaya a ciki.

Ya dubi bokiti. Ya dubi firij. Ya dubi Matiron tana zaune a babban tebur ana yi mata fifita.

"Ko za ka ce wani abu, kalma ɗaya?" in ji Martins.

"Kawo nan."

Ya karɓe makirufo, ya hura shi sau biyu.

"Jama'a, na gode da kanofi. Na gode da akuya. Na gode da firij, ko da yake idona kawai ya ci. Matiron, yau zan faɗa miki, tunda daga Litinin ba ke ba ce ogata."

Hulda ta taso ta ja masa gindin kwat. "Baba, zauna mana."

"Sake ni, Sista, kwat ɗin aro ne! Shekara sha ɗaya matar nan tana bin bayana da yatsa. In share ƙarƙashin gado, ta durƙusa ta shafa, ta ɗago yatsa ta nuna mini kamar ta kama ɓarawo. Gizo-gizo ma ya gaji, ya kwashe 'ya'yansa ya koma tasha. In ta yi tari a get, mara lafiya da ke kan ƙarin ruwa sai ya tashi ya gyara shimfiɗa. Kun san tafiyarta?"

Ya turo ƙirji, ya sauke hanci kamar mai tabarau, ya zaga kanofi yana shafa kujeru da yatsa. Wata 'yar zumunta ta ƙware da zoɓo. Matiron dai naman akuyarta kawai take tauna a hankali.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni," in ji Hulda.

"Na saurara shekara sha ɗaya! Ga takardata, a Kagarko za a sa mata hannu, wurin ogan da ya san darajar mutum. Kuma ku zama shaida, ku da Fasto. In na sake aiki a ƙarƙashin matar nan, na yarda in share titi daga Kafanchan har Kagarko da tsintsiya ɗaya!"

Ya dangwarar da makirufo, ya rungumi bokitinsa, ya fice. Hulda ta yunƙura za ta bi shi. Matiron ta ɗaga hannu.

"Bar shi, Hulda. Kar wanda ya ɓata masa murna."

Ranar Litinin kuwa bai yi latti ba. Ya hau motar farko mai bi ta Kwoi zuwa Kagarko, zakara a hammata, ƙullin citta a bokiti, duk na gaisuwar sabon oga. Ya isa ƙaramin asibitin da aka tura shi, aka nuna masa ofis.

Ya tarar da mace a zaune, ta sa hular aiki da takunkumi, ta duƙufa kan fayil. Ashe mura ce ta kama ta, ga muryarta ta dishe saboda waƙar godiya da ta sha a coci ranar Lahadi. Shi kuwa don ladabi bai ko ɗaga ido ba, ya zube a ƙasa tun daga ƙofa.

"Sannu da aiki, Mama. Ni ne sabon mai shara daga Kafanchan. Ga ɗan zakara, a yi farfesu."

Ta gyaɗa kai.

"Mama, in kin ga na rame, ba ciwo ba ne. Wata mata ce ta tsotse ni. Kin san Roseline?"

Ta ɗan karkata kai.

"Allah ya raba ki da saninta. Mama, matar nan ko sauro sai ya sa hannu a rajista kafin ya shiga wad. Amma na wanke ta ranar Juma'a. A gaban Fasto! A gaban shugaba! Ta kasa ko ɗaga kai, sai hawaye. Har durƙusawa ta yi, na ce a'a, lokaci ya wuce."

Ta yi masa alama da biro ya ci gaba.

"Kuma ba ki ji babban ba. Jama'a suka haɗa mini firij, ta sa aka loda a motar mijinta ido na gani. Fari ne, dogo, kamar..." Idonsa ya faɗa lungun ofis. "Kamar wancan. Kai, sak irin wancan! Har jan ƙyallen. Ashe kamfanin da ƙyalle yake sayar da su?"

Ta gyaɗa kai.

"To ke kin sayi naki da guminki, Mama, Allah ya ƙara. Da ganin zamanki na san ke mai tsoron Allah ce. Ga 'yar takardata, hannu kawai za ki ɗan sa."

Ya warware leda, ya miƙa da hannu biyu. Ta karɓa, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora kofin shayi a kai. Sannan ta miƙa yatsa ɗaya ta shafi gefen tebur, ta ɗago shi, ta nuna masa.

Ya dubi yatsan. Ya san yatsan nan.

Ta zaro tabarau daga aljihu ta ɗora a karan hanci, ta sauke takunkumi.

"Yesu!" Zakara ya kufce ya haye firij.

"Mama... Mama, ai... rakiya kika yo mini?"

"Takardar manya, ta ƙasan taka a allon sanarwa," in ji ta da dasasshiyar murya. "Sunana ne na farko."

"Mama, maganar Juma'a, kwat ɗin ne. Mai shi mashayi ne, duk wanda ya sa..."

"Ban riƙe ka da komai ba. Hannu ma zan sa maka."

"Allah ya saka, Mama! Yau?"

"Ranar da ka cika alkawarin da ka yi a gaban Fasto." Ta jawo sabuwar tsintsiya daga bayan ƙofa ta ɗora masa a cinya. "Daga nan za ka faro, ko sai ka koma Kafanchan?"