Ranar da Sodiyom Ya Aske Mini Gira

Allah sarki ƙuruciya! Shekarata ta farko ina koyar da kimiyya a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, gani nake ba wanda ya kai ni sani.

Na ce wa ɗalibai, "Sodiyom elektron ɗaya gare shi a zagayen waje, Allah-Allah yake ya bayar. Ku duba."

Littafi ya ce a jefa kamar ƙwayar gero cikin ruwa. Na raina gero, na yanko kamar goro, na jefa cikin bokitin ruwa, har da leƙawa. Ya kuwa bayar! Wuta ta tashi, 'yan aji suka fice ta taga, girata ta ƙone ƙurmus.

Ɗayansu yanzu ɗan tireda ne, har ya yi furfura. Kullum na sayi gishiri sai ya ce, "Malam, a yi a hankali, akwai sodiyom ciki."