Zagin Dije a Dutsen Bagzam

"Lahiya lau, amarya. Ina gida? Ashe har yanzu ba ki mutu ba."

"Kai nike jira ka riga ni, maigida, in gaji wannan silifa taka."

Haka muka gaisa da kakata Dije, mahaifiyar babana, da la'asar ɗin da na sauka Madarunfa daga Azbin. Tana zaune gindin itacen bedi tana ɓarar gujiya ita kaɗai. Gidan da na bari da hayaniya ya yi tsit. Baba ya kwashe iyali sun koma Ɗan Issa, ita kuwa ta ƙi bin su, ta ce ba ta barin gonarta. Tun a tasha na gaya wa Ɗan Baba direba ya ajiye mini wuri a kamiyonsa, jibi zan koma arewa lodin albasa. Labarin ya riga ni isowa gida, na gani a fuskarta. Ga damina ta ƙarato, gona ba mai taɓawa. Amma tsakanin jika da kaka ba a roƙo, zagi ake yi.

Ta miƙo hannu ta ce tsaraba. Na ce na kawo mata abin da ba a taɓa kawo wa wata mace a garin nan ba: mijinta ya hau dutsen Bagzam da ƙafarsa.

"Korarka anka yi?"

"Ba wanda ya kore ni."

"To akuya ta ɓace maka?"

Na yi mata bayani. Akwai wata doguwar hanyar ƙafa da ta ratsa duwatsun can, Buzaye na bin ta da jakuna kwana da kwanaki. Wani mai lambu ya ce mini da can har nasaru na zuwa don su taka ta kawai. Ranar da ba mu da lodi na ce ni ma bari in yanki guntunta, in hau da safe in dawo da yamma, in ɗauki hoto a can sama in tura wa abokaina ƴan fadarmu ta shan shayi haushi ya kashe su.

Dije ta ce ta gane. Wato mutum ya yi tafiyar wuni guda, ba gaisuwar mutuwa, ba suna, ba kasuwa, ya juyo. Ta ce ko mahaukaci in ya fita yana da inda za shi, kuma wannan ne amfanin lekol, makarantar bokon da na gudu na bari. Ta tambayi guzurin da na ɗauka. Na ce ƴar gorar ruwa guda da wayata.

Na kare kaina. Na ce in ka tashi daga nan zuwa Gabi, wa ke ɗaukar bidon ruwa? Kowane ƙauye ka yi sallama sai a miƙo maka ruwa, wani gidan har da hura. Kuma a ƙasarmu abin da ido ya hango, ƙafa na isa gare shi kafin azahar. Can kuwa sai ka ga kan dutse kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka hau da ƙyar, ka tarar da wani a bayansa yana jiranka.

"Dutsen ma ya gane raggo."

"Raggon da kika aura."

"Sadaka anka ba ni kai, kunya ta hana ni maidawa."

Na ba ta labarin yadda silifata ta tsinke na ɗaure ta da zaren buhu, yadda ruwa ya ƙare rana na tsaka, rezon waya kuma babu ko ɗigo. Tun safe ban ga mutum ba sai wani jaki da kaya a bayansa, yana tafiya shi kaɗai don ya san hanya. Na tsaya na gaishe shi sosai, na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali. Dije ta ce alhamdulillahi, na gamu da dangi. Na ce ta wajenta ne, kunnen iri ɗaya.

Ta yi ƴar dariya. Daga nan bakina ya ci gaba da abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce da na kai inda ƙafata ta ƙi, na zauna kan wani falalen dutse. Ba carar zakara, ba ƙarar turmi, ba kiran salla, iska kawai. Na ciro waya in ɗauki hoton, na ga fuskata a ciki, na mayar aljihu. Sai na miƙe na buɗe murya na zage ta. Na ce Dije mai haƙori ɗaya, Dije mai baki kamar tsohuwar jaka, wadda miyarta ke korar kuda.

"Sai na tsaya ina jira ki rama. Wallahi na jira."

Ba ta ɗago ba. Na ga ta ɓare gujiya ta jefar da ƙwayar, ta sa ɓawon a ƙwarya.

"Na rama," ta ce. "Kullum ina ramawa. Da sahe nakan tsaya ƙofar ɗakinka in ce tashi raggo, rana ta hito. Kaji ke amsawa."

Na ɗauki gujiya ɗaya na ɓare mata. Sai ta tambayi wanda ya sauko da gawata daga dutsen. Na ce mai jakin ne ya tarar da ni, ya ba ni ruwan salka, ya yi ta kallon ƙafafuna yana girgiza kai har muka sauka.

Na ce jibi dai zan koma. Ta ce Allah shi kiyaye hanya, in gaida ɗan'uwana jaki. Na ce sai dai kamiyon Ɗan Baba tayoyinsa ba su yi mini ba. Ta ce ita ma ta ji an ce birkinsa ba ya kamawa. Dije ba ta taɓa ganin motar nan ba, ni kuma na san tayoyin sababbi ne.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙaramin damin gero, zangarniya zaɓaɓɓu, ta jefo shi gabana.

"Tunda ba ka kawo komi ba, ga tawa tsarabar. Ba na ci ba ne, iri ne. Kai ba ka san bambanci ba."

"Kin yarda ke nan ba ki iyawa sai da ni?"

Ta buɗe bakin nan mai haƙori ɗaya ta yi dariya har da tari. "Na yarda. Tahi ka gaya wa direban."

Na kama hanyar tasha ina jan silifa. Ta biyo ni da baki, wai tafiyata kamar ta agwagwa mai kaushi, wai ƙeyata kamar gindin tulu. Na tsaya a ƙofar gida na saurara har ta gama tsaf, sannan na rama.