Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Baba Ya Fito Garau

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci mahaifinka zai fito a hoto kamar bai taɓa taka ƙofar asibiti ba. Na gwada a gidanmu mako biyar cur, da wayar da gilashinta ya tsage. Kayan aikin ba su da yawa: uba wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a ƙarshen sanyi, da ƙanwa 'yar auta mai karatu a nesa, wadda jarrabawarta ta ƙarshe saura mako shida, da umarnin uban cewa duk wanda ya gaya mata bai yafe ba. Autar ta saba a tura mata hoton gida duk Asabar. Ranar da ba a tura ba za ta kira ta bidiyo, daga nan kuma sai dai kowa ya yi ta kansa.

1. Gode wa Allah da ya sa bazara ce

Itatuwa sun yi toho, bishiyar ƙofar gida ta cika da fure, an buɗe tagogi, an shanya barguna a igiya. Duk wannan naka ne kyauta. Mutumin da fure ke bayansa ba a tambayar lafiyarsa. Masana sun tabbatar da haka, masanan kuwa ni ne da mai askin layinmu.

2. Share fage

Kwashe kwalaben magani, da sandar dogarawa, da keken da ake tura shi, da takardar asibitin da Mama ta manna a jikin firji. In ka gama, sake dubawa. Ni na taɓa kwashe komai ina ta jin kaina, da na buɗe hoton sai ga keken a gilashin kabad, zaune abinsa.

3. Zaɓi ɓangare, ka riƙe shi

Daga yau mahaifinka ɓangare ɗaya ne da shi, na dama. Zaunar da shi a benci ƙarƙashin bishiyar, ka karkata shi kaɗan, ka ɗauki hannun hagun ka cusa a aljihu. Mama ta durƙusa a bayan bencin ta damƙe rigarsa.

Zai yi gardama. Namu tsohon direban babbar mota ne, maganar ma yanzu da ƙyar take fita, amma sai da ya haɗa ta kalma kalma: "Ni da na yi shekara talatin a kan titi, benci ne zai kayar da ni?"

Mama ta ce, "A'a, Malam, ni ce dai nake neman abin dafawa."

Bencin zai kayar da shi. Kada ta saki.

4. Kada ka ce ya yi murmushi

Bakin gefe guda yake tafiya. Bar shi ya sha mur, dama haka ya fito a katin aiki, haka ya fito a lasisi, ba wanda zai ce wani abu. Idan ƙurar fure ta sa shi atishawa, dakata, ka goge masa, ka gyara hula. Idan Auta ta kira ta murya, kalma biyar ya haddace suna fita sumul: lafiya lau, yi karatu sosai. Yana gamawa ka karɓe wayar ka ce caji ya ƙare.

5. Koyi aikin da gaske

A nan ake raba gwani da ɗan koyo. Goge idon kyamara da gefen riga. Fita da hantsi, kafin rana ta take, domin hasken lokacin yana rufa wa rama asiri. Sa rana a bayanka. Janye babban yatsanka daga hanya. Durƙusa ka ɗauka daga ƙasa, mutum ya fi kwarjini ta nan. Ɗauki arba'in ka zaɓi ɗaya.

Mai aski zai leƙo ya gan ka gwiwa biyu a ƙasa, ya ce, "A'a, maƙwabci, sana'a aka canza?" Ce masa furanni kake ɗauka. Mai ɗaukar hoton fure ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci, za a ƙyale ka.

Wajen zaɓen ne za ka ja hoton ya girma, ka ga yadda wuyan Baba ke yawo a cikin rigar da a da maɓallinta ba ya rufuwa. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyarka za ta karye. Shiga banɗaki, buɗe famfo, minti biyu sun isa. In ka fito, ɗauko abin maƙale shanya ka tsuke wuyan rigar ta baya.

6. Yi tanadi

Fito da Baba ƙofar gida aikin minti arba'in ne da mutum biyu. Don haka rana ɗaya ka canza masa riga uku, ka sami hoton mako uku. Sai dai ka lura, furen bishiyar nan kwana goma yake yi ya zube, kuma Auta a gindinta ta girma. Riga ta uku a jikin bango za ka ɗauke ta. Wallahi ranar da na tuna wannan dabarar, ji na yi da ma akwai wanda zan gaya wa ya yaba min.

7. Tura, ka tsuke bakinka

Kada ka rubuta "Baba yana nan lafiya ƙalau." Wa ya tambaye ka? Tura hoton kawai ka koma bakin aikinka.

Ni haka na yi. A Asabar ta biyar na tura wanda ya fi kowanne kyau, sabon ganye shar a bayansa, hula ta zauna daidai. Ina tsaye a layin kantin magani waya ta yi ƙara.

Ko gaisuwa babu ta ce, "Yaya, me ya sami Baba?"

Na ce, "Ikon Allah! Ba ga hoto nan kin gani ba?"

Ta ce, "Na gani. Shekara huɗu kana turo min hoto, ko ka yanke masa kai, ko yatsanka ya rufe rabin Mama, ko yana tsakiyar yi maka faɗa ya juya zai tafi. Yanzu kowanne kamar na kalanda. Baba bai taɓa zama ya jira ka ba, Yaya. Me ya zaunar da shi?"

Na fita daga layin, na tsaya a bakin titi na gaya mata komai. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce tun hoto na biyu ta sha jinin jikinta, ta danne ta ci gaba da karatu, don ta san abin da Baba yake so ke nan. Ta ce, "Saura kwana takwas. Ka ci gaba da turowa yana gani. Kada ka bari ya san na sani."

Saboda haka Asabar mai zuwa ka koma mataki na biyu, ka yi komai yadda ka saba. In Baba ya tambaya ko ta gane, ce masa ko kusa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma mai hoto ba ne. Bai ɗauki alhakin ciwon gwiwar Mama ba, ko fushin Baba, ko surutun mai aski. Duk wanda ƙanwarsa ta fi shi wayo, matsalar gidansu ce. Haka nan idan ta roƙe ka hoto ɗaya tak na ɓangaren hagun, ita kaɗai za ta gani, kamar yadda tawa ta roƙa, kada a neme ni. Sau uku ina ɗaga wayar ina sauke ta, har yau ban ɗauka ba.