San Jatau a Hannun Kotu

A wani gari ne can arewa da mu, sunan ya kwance mini, amma na san akwai ƙatuwar tsamiya a ƙofar kotunsu. Wani manomi, Jatau, ya ci bashin takin zamani a wurin Alhaji Na'Allah. Kaka ta zo ta wuce bai biya ba, alƙali ya yanke hukunci, nan ma shiru. To kotu tana da ikon kama dukiyar mai taurin bashi ta yi gwanjonta. Aka tura muhuti, wato ɗan aiken kotu, wani bawan Allah Sallau, ya je ya kamo abin da ya samu.

Tsakiyar bazara ce, harawa ta fi tuwo tsada. Sallau ya tarar da san noma a turke, haƙarƙari a waje kamar tsani. Ya shirya rigima, sai ya ga Jatau da kansa yana kwance masa igiya, har da rakiya.

"Ranka ya daɗe, a riƙa jiƙa masa dusar, ba ya son ta a bushe."

Ƙa'ida ita ce abin da kotu ta kama amana ne, in ya mutu a hannun muhuti shi zai biya. Sallau ya shiga sayen dusa da harawa daga aljihunsa, da sa ran fanshewa ranar gwanjo. Duk ranar da aka sa, sai Jatau ya bayyana da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ya durƙusa ya roƙi a ɗaga. Alƙalin kuwa mai tausayi ne, Allah ya jiƙansa, in dai ya rasu. Sa ya yi tozo, ya yi sheƙi. Sallau ya koma kamar san ranar da aka kamo shi.

Ran da ruwan shuka ya sauka, da sassafe sai ga Jatau da kuɗin Alhaji cif, ya zube, ya kama igiyar sansa.

Sallau ya yi tsalle ya tare ƙofa. "Kuɗin harawata fa?"

"Wace harawa? Ni taki aka ce in biya. Na aike ka?"

Alƙali ya duba hukuncin da ya rubuta da hannunsa, babu harawa a ciki. Ransa ya ɓaci.

"Kai Jatau, ashe kana da kuɗin tun farko? Kotu ka mayar turke? Wallahi ka sake cin bashi a garin nan, sai na sa an sake kama maka dabba!"

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Godiya nake, Allah ya gafarta Malam. Amma baɗi a ba muhuti igiya biyu, ɗan'uwan san nan ya fi shi rama."