Ranar da Ɗari Takwas Ta Yi Hayaƙi

Ko na tsufa tukuf ba na jin zan manta da ranar walimar ajinmu na yaƙi da jahilci, ranar da na tara matan gari a zauren gidanmu na nuna musu iyakar karatuna.

'Yata Safiya tana da kwamfuta irin ta tebur, da ita take haɗa hotunan biki da na suna. Da ta zo gida wankan jego ta taho da abarta, aka kafa ta a ɗakina kusa da buhunan gero. Ta riga ta ƙara mata wani sabon kati na sarrafa hoto, amma ta ce ba za ta kunna ba sai an canza akwatin da yake raba wuta a ciki, wanda masu gyara suke kira fawa-fak.

"Inna, kamar jaki ne," in ji ta. "In kin ƙara masa kaya, sai kin ƙara masa harawa. Tsohon ba zai iya ciyar da katin nan ba."

Mai jego ba ta fita, ni kuma ina da waken da zan kai Dawanau, sai na ce in na sayar zan ƙarasa cikin Kano in sayo mata. Ta ce in nemi mai ƙarfin wuta wat ɗari shida, mai kyau. Abin yana da muhimmanci a wurinta, domin Malamarmu ta ba ta aikin haɗa bidiyon ajinmu, kuma Hajiya Ladi, mai aurar da 'ya bayan salla, ta ce sai ta ga wannan aikin kafin ta ba ta na bikin.

A shagon kayan kwamfuta, mai kayan ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya baƙi ne na gwanjo mai wat ɗari shida, duk ƙarzuna, nauyi kamar dutsen niƙa. Ɗayan sabo fil a kwalinsa, na ɗaga na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. Ni da nake ɗaga damin dawa in san ko ya yi ido tun ban kwance shi ba, hannuna ya gaya mini gaskiya nan take. Amma sai idona ya faɗa kan kwalin, na ga takwas da sifili biyu, manya-manya. Na karanta da kaina, ba wanda ya taya ni (ku tuna, bara warhaka lambar wayata ma sai an karanta mini).

"Hajiya, baƙin nan ya fi," in ji mai shagon. "Rubutun kwalin can ado ne kawai."

Na yi murmushi irin na wadda ta gano dabarar ɗan kasuwa. A raina na ce so yake ya liƙa mini tsohon kaya. Na ce masa a hankali, "Ɗan nan, ɗari takwas ta fi ɗari shida. Na yi makaranta."

Da na kawo, Safiya ta juya shi a hannu ta ce, "Inna, anya? Kamar ba komai a ciki."

Na ce, "Karanta ki gani."

Ta dube ni, ta dubi kwalin, irin duban 'yar da ba ta son ta ƙaryata uwarta. Ta ɗaura, kwamfuta ta tashi lafiya lau. Na yini ina tafiya a tsakar gida kamar ni na ƙera ta.

Ranar walima aka toshe tagar zaure da zannuwa, aka rataya farin zanen gado a bango, aka tayar da janareta, aka jona majigi. Safiya ba ta gama haɗa bidiyon ba saboda jaririya, sai ta ce za ta nuna shi kai tsaye daga inda take aikin. Mata sun cika, Hajiya Ladi a kan kujera a gaba. Ni da ba a jin muryata ko a gidan suna, ranar na miƙe na ce, "Jama'a, ku ga amfanin karatu. Abin da yake ba injin nan ƙarfi ni na zaɓo shi a Kano, da idona na karanta lambarsa."

Aka tafa mini. Hoto ya fito, ga ni nan a jikin bango riƙe da alli, bakina a buɗe zan karanta harafi. A nan fankar kwamfutar ta fara gurnani, sai wani ɗan ƙara, fat, bango ya koma fari. Hayaƙi siriri ya taso ta bayan akwatin, zaure ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Wadda ta fara magana ita ce Goggo Abu, tsohuwar ajinmu, da ba ta gani sosai. Ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya bar tuwo a wuta?"

Hajiya Ladi ta gyara mayafi ta ce, "Innar Safiya, wannan lamba ta nawa ce kika karanto mana?"

Na ce, "Ɗari takwas," da muryar da ni ma da ƙyar na ji ta. Dariyar da aka yi har jaririya sai da ta farka.

Allah Ya taimake ni katin bai ƙone ba. Washegari na hau motar Ɗambatta zuwa Kano, na shiga shagon ina sunkuyar da kai. Mai shagon ya miƙo mini baƙin da hannu biyu. Da ta yi arba'in, Safiya ta kai wa Hajiya Ladi bidiyon har gida, ta kalla, ta ba ta aikin bikin, da sharaɗin kada a aike ni sayen komai.

Har yau a bakin rijiya Inna Ɗari Takwas ake kirana, kuma ina amsawa. Karatuna yana nan, ban fasa ba, sai dai yanzu in ido ya karanta, hannu ma sai ya faɗi nasa. Ko da Malama ta miƙo mini takardar shaidata, sai da na ɗan jinjina ta tukuna.